Gaurakin Nomau da Hanyar da Na Buɗe wa Dila

Bana shekara arba'in da huɗu ke nan da muka rufe Nomau a maƙabartar ƙauyenmu, can cikin ƙasar Guci, a wata bazara mai zafin da ko jaki ba ya son barin inuwa. Na daɗe ina so in rubuta wani abu a kansa a wannan fili, amma duk lokacin da na ɗauki alƙalami sai in tarar ba zan iya ba da labarinsa ba sai na haɗa da nawa, nawan kuwa ba na bugun ƙirji ba ne. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gemuna ya yi fari, yawancin waɗanda zan ji kunyarsu sun riga ni, kuma wani abu ya faru a damanar da ta wuce wanda ya sa shirun ya ishe ni.

Nomau taubashina ne, ɗan gwaggona, yayar mahaifina. Ya ba ni shekara goma. Wanda ya san wasan taubasai ya san ba a gaisuwar arziki a tsakaninmu. In ya hango ni sai ya tambayi mutane wa ya saki bawansa ba igiya, ni kuma in ce a taimaka a ba wannan tsohon sadaka ya bar ƙofar gidanmu. Bai taɓa zama a lakwal, wato makarantar boko, ko na yini ɗaya ba. Ni aka kama aka kai Magarya, daga nan Damagaram, na dawo ƙauye da farar riga da jakar littattafai, ana kirana Mushe kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal a ƙasarmu. Kowa ya ba ni girman sunan ban da shi. Cewa yake an ɗauki yaro mai hankali an kai birni, an dawo mana da wanda bai san sawun akuya da na kare ba. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa.

Maharbi ne ɗan maharbi. A lokacin da muka tashi, tsakanin ƙauyenmu da hanyar Mallawa akwai dajin da mutum zai yi tafiyar rabin yini bai taka gona ba. Akwai barewa, akwai gada, zabin daji kuwa sai ka ga garke guda ya tsallaka hanya ba ya ko sauri. Nomau ya san dajin nan fiye da yadda na san kilas ɗina, ajin da nake koyarwa. Zai dubi rairayi ya ce maka zomo ya wuce nan kafin raɓa ta sauka, kuma yana ɗingishi da ƙafar baya. A zamanin ba a karatu ran Alhamis, don haka ran Alhamis nake bin sa. Mu ɗauki gorar ruwa da ƙuli-ƙuli a aljihu, mu fita da sanyin safiya, ba ma dawowa sai la'asar. Ina tafe da kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, ina zana abin da muka gani, shi kuma yana leƙowa yana tambayata ko wannan abin da na zana tsuntsu ne ko tulu. Ban taɓa jin daɗin wasu ranaku a rayuwata kamar waɗannan ba, kuma ban gaya masa ba, don taubashi ba ya yabon taubashi.

Sai fari ya zo, wancan babban farin na farkon shekarun saba'in wanda duk tsohon da ke raye yau yake tunawa. Tafkunan yankinmu suka riƙa ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage guda ɗaya mai ɗan ruwa a tsakiyarsa. Duk wani mai rai a dajin nan sai ya zo wurin. Mutane suka samu nama a sauƙaƙe, kuma ba na zarginsu, don yunwa ba kanwar lasa ba ce. Nomau ma ya je. Ya ba ni labari cewa wata barewa ta fito shan ruwa, haƙarƙarinta duk a waje, ta gan shi ƙuru-ƙuru amma ba ta gudu ba, ƙarfin gudun ne babu. Ya harbe ta, ya kai gida, iyalinsa suka ci. Kashegari ya naɗe bindigar mahaifinsa cikin tsumma ya soke ta a rufin ɗaki. Da na tsokane shi ko tsufa ne ya kama shi, sai ya ce, "Harbin abin da ba ya iya gudu ai ba farauta ba ce, yanka ne. Ni kuwa ba mahauci ba ne." Bai yi wa kowa wa'azi ba, bai hana kowa ba. Ya ci gaba da ɗana wa gafiya tarko in ta dame shi a rumbu, amma bindigar ba ta sake saukowa ba.

Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin gauraka ba, don haka bari in faɗi kamanninta. Doguwar tsuntsuwa ce, in ta miƙe wuya ta kusa kai wa mutum ƙirji, jikinta baƙi-baƙi da fari a fukafukai, kumatunta fari da ja, ga wani tukku ruwan zinariya a kanta kamar an dasa mata ƙaramar tsintsiya. Kafin fari, da kaka sai ka ga gauraki sun cika fadama suna rawa, suna tsalle suna buɗe fukafukai, mata masu zuwa ɗiban ruwa su tsaya suna dariya. Farin ya kore su. Waɗanda suka rage kuma aka riƙa kama su da rai ana tsallaka iyaka da su, don akwai masu hali da ke son a yanke wa gauraka fiffike a sake ta a tsakar gida tana yawo, baƙi su gani su san an zo gidan wani.

Shekarar da ruwa ya dawo, gauraki biyu kacal suka sauka a tafkin nan, mace da namiji. Sun zo a makare, sun yi sheƙa a makare, can wajen ƙarshen damana. Nomau ne kaɗai ya san inda take. Wani ɗan kasuwa ya aiko masa daga Mallawa cewa in an samu 'ya'yan gauraka yana so, Nomau ya ce a gaya masa bana ko gashinsu bai gani ba. Iyakar sanina wannan ita ce ƙarya ɗaya da ya taɓa yi ba cikin wasa ba. Abin da yake so bai wuce ƙwan nan su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su tashi ba. Ya ce tsuntsu yana komawa inda ya fasa ƙwai, in waɗannan suka tashi a nan to tafkin ya samu masu shi, in kuwa aka rasa su, iyayen ba za su sake yarda da wurin ba.

Yadda yake zuwa duba su ma abin kallo ne. Ba ya bin hanya ɗaya sau biyu. Ba ya dosar wurin kai tsaye, sai ya zagaya can nesa ya shiga ruwa ta gefen da ya fi zurfi, ya taho a hankali ruwa na kai masa ƙugu. Ba ya karya ko karan ciyawa ɗaya, da bayan hannu yake buɗa ta, in ya wuce ya mayar da ita yadda take. Ba ya zuwa da tsakar rana, don kada uwar ta tashi rana ta dafa ƙwan. Kuma ko daga nesa ba ya nuna gefen da yatsa, ya ce ido yana bin yatsa, ƙafa kuma tana bin ido.

Na dame shi da naci har ya gaji ya tafi da ni, ana saura kwana kaɗan a buɗe lakwal. Na cire farar rigata na bi shi cikin ruwa, laka na tsotsar ƙafata, ina tunanin duk macizan da na taɓa gani a littafi. Muka laɓe bayan wani cunkus na kacalla. Can gaba, kamar taku talatin, sai ga tarin ciyawa a kan ruwa kamar an kife babban kwando, uwar na kwance a kai, namijin na tsaye gefe yana gadi. Da ta miƙe don ta juya su na hango ƙwai uku, farare masu ɗan shuɗi-shuɗi. Hantsi ya bugi tukkun nan nasu. Wallahi sai da na manta akwai laka a duniya. Da muka fito tudu ina matse wando, Nomau ya dube ni, babu wasa a fuskarsa, ya ce, "Ɗan kawu, ka gani da idonka, to ka bar shi a idon. Kada ya sauko bakinka." Na ce haba, sai ka ce yaro. Na yi masa alkawari.

Aka buɗe lakwal. A satin farko muka zo kan darasin tsuntsaye, kuma duk tsuntsayen da ke cikin littafin na ƙasar Faransa ne, ba wanda yaran suka taɓa gani. Ina karantawa suna hamma. Na dubi aljihunansu, kusan kowane namiji da gwafarsa a ciki, jira kawai suke a tashi su tafi harbin kurciya. Sai wani tunani ya zo mini, kuma har yau ba zan ce mugun tunani ba ne. Na ce a raina yaran nan su ne masu tafkin gobe. In sun ga abin da na gani, ba wanda zai sake ɗaga gwafa ga gauraka, ba wanda zai kama ta ya sayar. Gani ya kori ji. Nomau yana tsare ƙwai uku, ni zan tsare tsuntsayen shekara hamsin masu zuwa. Na ji kaina ya yi girma da wannan dabara. Shi kuwa ya tafi Kwaya taya surukansa cirar gyaɗa, ba zai dawo ba sai bayan kwana uku, kuma na san sarai dalilin da ya sa ban jira shi ba.

Ran Alhamis da safe na tara su, yara talatin da 'yan kai. Na karɓe gwafofin duka na zuba a jaka. Na kafa musu dokokin Nomau ɗaya bayan ɗaya, ba magana, ba nuni da yatsa, ba wanda zai gaya wa kowa a gida. Duk na tuna. Abu ɗaya ya gagare ni, ba zan iya sa ƙananan yara cikin ruwa mai kai wa babba ƙugu ba. Don haka na zaɓi gefen da ya fi kusa da tudu, inda ruwa ya fara janyewa ya bar laka mai zurfi da doguwar ciyawa. Don kada ƙanana su nutse, na sa manyan su shiga gaba suna kwantar da ciyawar suna tattake ta, sauran na bi a kai. Dabarar ta yi kyau ƙwarai, ko wanda ya ɓata riga babu. Na tuna har yaba wa kaina na yi.

Yaran sun cika alkawari, ba wanda ya yi tari. Suka tsaya a jere, bakuna a buɗe. Gaurakin suka gan mu, suka tashi da wani kuka mai ƙarfi, suka yi ta zagaya samanmu. Ba mu daɗe ba muka juya. Daga tudu na ga uwar ta koma ta kwanta, hankalina ya kwanta tare da ita. Kashegari kilas ya cika da zanen gauraki, wasu da ƙafa huɗu, wasu tukkunsu ya fi jikinsu girma. Na manna su a bango.

Ran Litinin da hantsi ina rubutu a allo sai na ji kilas ya yi tsit. Na juya na ga Nomau a bakin ƙofa, kansa ba hula, hular na hannunsa ya tattare bakinta. Mutumin da bai taɓa taka lakwal ba. Ya yi sallama, ya shigo, ya ajiye hular a kan tabur ɗina ya buɗe. Ɓawon ƙwai ne a ciki, an farfasa, an lashe cikinsa tas. Ya ɗaga kai ya dubi zanen da ke bango, ya daɗe yana kallo. Ni kuwa allin da ke hannuna ya karye ban san lokacin ba.

Bai dube ni ba. Yaran ya yi wa magana, a hankali, kamar mai ba da labari. Ya ce su fito waje. Ya tsuguna ya zana sawu a rairayi da yatsa, ya tambaya na wane ne. Wasu suka ce kare. Ya ce, "Dila ne. Wata guda yana zagaya tafkin nan, yana jin ƙanshinsu, amma dila ba ya son laka mai zurfi, ƙafarsa siririya ce, nutsewa take. Kullum sai ya zo baki ya koma. To sai aka shimfiɗa masa tabarma tun daga tudu har bakin sheƙa." Ya share sawun da tafin hannu. "Ba ku taɓa ƙwan ba, na sani, na duba. Ba ku jefi kowa ba. Ƙafa kawai kuka kai, ita kuwa ƙafa ba ta zuwa wuri ta dawo ba ta bar hanya ba."

Wani yaro mai suna Sale, ɗan wajen shekara goma, wanda yana cikin manyan da na sa gaba, ya ce, "Baba, za su sake yin wasu?" Nomau ya ce ruwa ya janye, bana kam an gama. Sale ya ce to baɗi fa. Nomau ya ce, "Wannan kuma sai su." Ya koma kilas ya juye ɓawon a kan tabur, ya karkaɗe hularsa ya sa, ya fita. Har ya tafi bai ambaci sunana ba, bai tambayi wanda ya kai su ba. Gaurakin suka yi 'yan kwanaki suna yawo a bakin tafkin, daga nan aka wayi gari babu su. Baɗi ba su zo ba, haka shekarar da ta biyo.

Nomau ya tsare su daga masu tarko da masu saye, ni da nake son su na buɗe wa dila hanya. Da na sani ƙeya ce. Na jira zagi, na shirya masa, har na tanadi amsoshi. Bai zo ba. Abin da Nomau ya yi mini ya fi zagi ciwo, kuma sai Bahaushe ne zai gane. Ya daina yi mini wasa. In mun haɗu a masallaci sai ya rusuna kaɗan ya ce, "Ina kwana, Mushe. Ina gajiya. Yaya yara." Gaisuwa cikakkiya, ta mutunci, irin wadda ake yi wa baƙo. Mutane suka fara tambayar gwaggo me ya shiga tsakaninmu, don ba a taɓa ganin taubasai suna girmama juna haka ba. Ran Alhamis sai in zauna a gida ina gyaran kaye-kayen yara. Na yi wata biyar a cikin wannan hali, kuma na sha wuya.

Da na kasa jurewa na same shi a gonarsa yana sassabe, na ce na zo ya yi mini duk abin da zai yi. Ya ci gaba da aikinsa. Can ya ce, "Ai ba laifinka ba ne. Ni na fara, da na nuna maka." Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya ɗago ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya ce wa ya ɗinka mini wannan wando, ko dai buhun gyaɗa aka raba biyu. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ina dariya ina share shi. Daga ranar muka koma fita ran Alhamis, ya nuna mini abubuwa da yawa bayan nan, ramin yanyawa, wurin kwanan tuji, amma bai sake nuna mini sheƙar komai ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Shekara biyar ya yi bayan haka, kuma kowace damana sai ya je tafkin. Ya hana a yanki ciyawar wancan gefen, ya yi ta rigima da masu neman ta rufin ɗaki da masu kiwo, yana cewa a bar wa masu wurin ko za su dawo. Aka riƙa yi masa dariya ana ce masa mai gadin gidan da ba kowa. Sanƙarau ne ya ɗauke shi, cikin kwana uku, bai kai hamsin ba. Bai sake ganin gauraka a tafkin nan ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da nake ɗauke da su.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya leƙo yau. Dajin da muke yawo babu shi, gona ta haɗe da gona tun daga ƙauyenmu har Mallawa, inda barewa ke kiwo yanzu moto ne, wato babur, ke wucewa da buhun wake. Yaro ɗan shekara ashirin bai san gada ba sai a karin magana. Wannan zai ba shi baƙin ciki, ba shakka. Amma zai ga gawo ya dawo gonaki, manoma na barin tsiron da a da suke sarewa, har wasu wurare daga Magarya zuwa Dungas sun fi lokacin da ya bar su itatuwa. Na san zai tsaya ƙarƙashin ɗaya ya ɗaga kai ya ga wa ya yi sheƙa. Kuma na san zai yi dariyar ledojin da suka maƙale a ƙaya, ya tambaye ni ko su ne sababbin tsuntsayen da lakwal ta kawo.

Akwai kuma samarin yanzu masu son daji. Wasunsu sun zo wurina bara, 'yan wata ƙungiya daga gari, da jakunkuna a baya da salula a hannu, suna yawon tafkuna suna ɗaukar hoton tsuntsaye, suna so su riƙa kawo baƙi su gani don a san darajar abin. Yara masu ladabi, kuma son da suke yi na gaskiya ne. Ina kallonsu ina ganin wani Mushe mai farar riga. Ban kashe musu gwiwa ba, don ƙasar na bukatarsu. Na dai ba su labarin tabarmar dila, na ce hoton da aka ɗauka aka watsa shi ma hanya ce, kuma ta fi tamu faɗi. Sun saurara. Ko sun ji, Allah ne masani, ni ma ai an gaya mini a lokacina.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A ƙarshen damanar da ta wuce ina zaune a zaure sai ga moto ya tsaya. Wani dattijo ya sauko, gemu da furfura, ya durƙusa ya gaishe ni. Sale ne. Shi ne yanzu yake noman rake a bakin tafkin nan, kuma na daɗe ina jin ana cewa akwai wani yanki na ciyawa a ƙarshen gonarsa da ya ƙi sarewa shekara da shekaru, ana ce masa ya yi asarar ƙasa. Ya matso kusa kamar mai tsoron bango ya ji, ya ce, "Mushe, sun dawo. Biyu ne."

Ban iya barin safiya ta yi nisa ba. Kashegari ya goya ni a moto, ƙasusuwana na kuka, ya kai ni wani tudu mai gawo a kai, nesa da ruwan sosai. Ya shimfiɗa mini buhu muka zauna. Ba a ganin komai sai kan ciyawa. Na tambaye shi ko ya tuna ranar da na kai su. Ya ce, "Tsuntsayen kam na manta kamanninsu, Mushe, sai da na sake gani. Hular ce ban manta ba." Shekara da shekaru ina lallashin kaina cewa wataƙila tafiyar nan ta shuka wani abu a zuciyar yaran, ga shi mai gonar ya gaya mini wanda ya yi shukar.

Muna nan zaune sai kukan ya taso daga cikin ciyawa, mai kauri, sau biyu, ɗaya ya amsa wa ɗaya. Kusan shekara hamsin rabona da shi, amma ko cikin barci na ji zan gane. Na kama hannun Sale na ce ya matsa da ni kaɗan, idona ya yi rauni, ba zan yi motsi ba, ni tsoho ne, wa zan gaya wa. Ya sunkuyar da kai. Na ce to ko daga nan ne, nuna mini gefen da take. Mutumin nan da na koya wa riƙe alli, wanda har yau ba ya iya haɗa ido da ni, ya ce, "Ka yi haƙuri, Mushe. Ba a nunawa."

An hana ni abubuwa da yawa a duniya, ban taɓa jin daɗin hani irin wannan ba. Muryar Sale ce, amma na san mai maganar.

Nomau bai bar hoto ba. Bindigar ta yi tsatsa a rufin ɗaki har ɗakin ya faɗi. Kabarinsa ma in ba ni da mutum biyu ko uku ba, ba mai iya nuna shi. Bai kafa ƙungiya ba, bai san kalmar da ake kiran irin aikinsa da ita a ofis ba. Abin da ya rage nasa shi ne wani yanki na ciyawa da ba a sarewa, da wani manomin rake da ya iya ce wa malaminsa a'a. Na auna wannan da duk abin da na koyar cikin shekara talatin da nake riƙe da alli, ban ga nawa ya rinjaya ba.

Mai karatu zai lura ban faɗi sunan ƙauyenmu ba, ban faɗi na tafkin ba. Ba mantuwar tsufa ba ce, kuma kada wanda ya wahalar da kansa ya aiko tambaya. Bayan kaka Sale ya aiko mini cewa ya ga 'ya'ya biyu suna bin iyayen a fadama, har sun fara gwada fiffike. Allah ya jiƙanka, ɗan gwaggo, ya sa ka huta. Gidan da ka yi gadi ya samu masu shi. Wannan karon bawanka bai san inda sheƙar take ba, kuma 'ya'yan sun tashi.